Dangwalen Labbo

Saƙon ya shigo wayar Juwairiyya tana tsaka da wanke hannu a ɗakin agajin gaggawa, bayan sun gama ɗinke kan wani kafinta da ya faɗo daga saman rufi. Ta goge hannu ta duba. Daga wata mujallar ƙasar waje ne, wadda ke buga bincike a kan taimakon da ake ba wanda ya ji rauni tun kafin a kawo shi asibiti. Layin farko ya ce sun karɓi rubutunta. Da ta karanta na biyu sai ta nemi benci ta zauna.

Editan ya ce masu duba rubutun sun gamsu, saura abu guda. Tun da rahoton a kan mutum ɗaya ne, ga hoton rauninsa, ga shekarunsa, ga inda abin ya faru, dole a turo takardar amincewarsa da sa hannunsa ko dangwalen yatsansa kafin wata ya ƙare. In ba ta zo ba za su rufe fayil ɗin.

Juwairiyya nas ce, ta daɗe a wannan ɗaki na wani asibiti a Gusau, har ta kai tana iya gane motar da ta ɗauko mai rauni tun daga yadda direban ke danna ham a bakin ƙofa. Abin da ya daɗe yana cin ranta shi ne, da yawan waɗanda ake kawowa daga hanyar Tsafe ba girman raunin ne ke kashe su ba, jinin da suke zubarwa a cikin mota ne. Shi ya sa ita da Dakta Tajuddeen, likitan da ke shugabantar ɗakin, suka riƙa zuwa tasha ranakun hutu suna koya wa direbobi yadda ake tsayar da jini. Suka raba musu ƙananan jakunkuna, kowace da bandeji da safar hannu da wani maɗauri mai sanda wanda ake murɗawa a saman rauni har jini ya tsaya.

Cikin waɗanda suka koya akwai Sahabi, direban ƙaramar mota mai jigila tsakanin Gusau da Tsafe, mutum marar yawan magana. Shi ne wata rana ya tarar da taro a bakin hanya kusa da 'Yandoto. Wani makiyayi mai suna Labbo yana taya loda shanu a babbar mota, bijimi ya juyo ya farke masa cinya da ƙaho. Jini na tsartuwa, mutane sun kewaye shi suna salati. Sahabi ya sauke fasinjojinsa, ya ɗaure cinyar, ya murɗa sandar yadda aka nuna masa, ya kawo shi Gusau da ransa. Labbo ya tashi, kuma ba a yanke ƙafar ba. Labarin wannan rana ne Juwairiyya ta rubuta.

Da a ce abin ya tsaya nan, da rubutun ado ne kawai. Amma bayan 'yan watanni jami'an tsaro masu shingen hanya suka fara samun jakunkunan a cikin motoci. A ƙasar da kowa ke zargin kowa da kai wa 'yan bindigar daji magani, bandeji a ƙarƙashin kujerar direba ba ƙaramar magana ba ce. Aka mari wani direba a gaban fasinjojinsa. Sahabi kansa sai da ya kwana a tsare kafin Dakta Tajuddeen ya je ya karɓo shi. Ba a yi mako ba shugaban tasha ya aiko mata da jakunkunan gaba ɗaya, ya ce su yi haƙuri, kowa na da iyali.

Suka kai kuka gaban wani kwamiti da ke da ikon ba direbobin katin shaidar aikin agaji, wanda za su nuna a shinge. Kwamitin ya ce shi bai san wannan aiki ba, a kawo hujjar cewa masana sun yarda da shi, sannan a duba maganar a zamansu na gaba. Rubutun nata shi ne hujjar, ga shi ya iso bakin ƙofa ya tsaya.

Ta sami Dakta Tajuddeen a ofishinsa yana cin gyaɗa a madadin abincin rana. Ta miƙa masa wayar. Ya karanta, ya cire tabarau ya murza ido.

"Ba mu karɓi amincewarsa ba?"

"Na tambaye shi da baki ranar da na ɗauki hoton, ya ce ba komai. A lokacin ko tunanin rubutu ban yi ba."

"Baki ba ya shiga kwamfuta, Sista. In muka cire hoton fa?"

"Na tambaye su tun farko. Sun ce ko babu hoto labarin mutum ɗaya ne, wanda ya san shi zai gane shi."

Ba sai ya tuna mata ba, ita ma abin na ranta. A makon da ya wuce an kawo wata mai sayar da daddawa daga haɗarin mota a kan wannan hanya, ƙashi ya huda mata ƙafa. Direban da ya kawo ta ɗalibinsu ne. Ba shi da maɗauri, kuma ya ji tsoron ya yaga rigarsa ya ɗaure kada a tsayar da shi da jini a hannu. Matar ta cika suna ɗora ta a kan gado. Direban ya tsuguna a bayan ɗakin yana kuka, yana cewa ya san abin da ya kamata ya yi.

"To nemo shi," in ji Dakta. "Ni zan riƙe miki aikinki."

Lambar wayar da ke cikin fayil ɗin Labbo a kashe take. Ta kira da safe, ta kira da yamma, ta sa ƙanwarta ta gwada da wani layi, murya ɗaya ce ke amsawa. A wurin adireshi an rubuta "ruga, bayan 'Yandoto", shi ke nan.

Ta je tasha wurin Sahabi. Yana zaune a kan bayan motarsa yana jiran layi. Ta yi masa bayanin abin da ya kawo ta.

"Sista, ni fa na fita daga wanga lamari. Matata ta ce in na sake kwana a hannun mutanen nan, gidansu za ta tafi."

"Ba jaka na ce ka ɗauka ba, Malam Sahabi. Kai ni kawai. Kai ka san fuskarsa, ka san wurin."

"In mun same shi, katin nan zai fito?"

"Ban sani ba. In ba mu same shi ba dai na san ba zai fito ba."

Ya sauko ya buɗe mata ƙofar gaba.

Lokacin kaka ne, dawa ta yi tsawo ta rufe gefen hanya, ba wanda ke son tsayawa inda ba ya hango abin da ke bayan kara. A 'Yandoto suka bar motar suka taka zuwa inda rugar take. Ba su sami komai ba sai da'irar toka inda bukkoki suka taɓa zama, da turaku, da busasshen kashin shanu. Wani tsoho mai yankan gero ya ce sun tashi tun farkon damina. Ina suka nufa? Ya ce shi ba ya tambayar mutane inda za su.

A Tsafe ta shiga kara, kasuwar shanu, ita kaɗai mace a cikin dillalai, hijabinta na sharar ƙasa. Duk wanda ta ambata wa sunan sai ya dube ta, ya dubi jakar hannunta, ya ce Labbo ai suna da yawa. Ta ce mai tabo a cinya. Nan take fuskoki suka rufe. Wani ya ce ya ji an ce sun yi wajen Bilbis. Suka je Bilbis, aka ce ba a taɓa ganinsu ba. Ta dawo Gusau da ciwon kai, ta tarar 'yarta ta yi barci ba ta ci tuwo ba, mijinta kuma ya ce mata shi bai hana ta aikinta ba, amma hanyar nan ba ta san nas ba.

Ta rubuta wa editan tana roƙon ƙarin lokaci. Amsar ta zo cikin ladabi: sun fahimci halin da take ciki, amma sun riga sun ɗaga mata sau ɗaya lokacin gyare-gyare, ba za su iya ƙarawa ba.

Wata ya raba, ya fara gangarawa. Ta bi wata jita-jita har Bungudu, ta zauna cikin masu tallan nono a bakin kasuwa, ta sayi fura ta sha ba don tana so ba. Ta daina cewa mai tabo, ta tuna da mahaifiyar Labbo. Ta koma cewa tana neman wata tsohuwa, Inna Adama, wadda ta yi jinyar ɗanta a Gusau, tana son ta gaishe ta. Matan suka yi ta magana da Fulatanci a tsakaninsu. Har ta miƙe za ta tafi, wata daga cikinsu ta ce, ba tare da ta ɗago kai daga ƙwaryarta ba, akwai wata Adama da ke kai nono Kwatarkwashi.

Kwatarkwashi, wadda ta wuce ta gabanta a kowace tafiya tana kallon dutsen ta tagar mota.

Ita da Sahabi suka isa can da hantsi. Ta hango tsohuwar tun daga nesa, a gindin wata bishiyar bedi, da ƙwarya a gabanta. Ba ta manta ta ba, domin matar ta yi makonni tana kwana a kan tabarma ƙarƙashin gadon ɗanta, kullum da asuba tana roƙon ruwan zafi.

"Inna, ina kwana? Kin gane ni?"

Adama ta dube ta sama da ƙasa. "Ban san ki ba, 'yar nan. Nono za ki saya?"

"Ni ce Sista, ta asibitin Gusau. Ni ke wanke wa Labbo ciwo."

"Ba ni da ɗa Labbo."

Juwairiyya ta tsuguna a gabanta. Ba ta shirya kuka ba, amma sai ta ji hawaye na zuba, a tsakiyar kasuwa, gaban masu awon gero. Ta ce, "Inna, na je 'Yandoto, na je Tsafe, na je Bilbis, na je Bungudu. Wallahi ba wanda ya aiko ni. Magana kawai zan yi da shi."

Tsohuwar ta kalli Sahabi da ke tsaye can gefe. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wancan ba shi ne mai motar ba?"

"Shi ne."

Adama ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta ɗora a ka. "Ku biyo ni daga nesa. Kada ku jera da ni."

Rugar tana bayan dutse, bukkoki kaɗan a tsakanin gonakin da aka girbe. Labbo na zaune a inuwa yana tufka igiya. Ya rame, ya tara gemu. Da ya ga Sahabi ya miƙe da ɗingishi ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono. Juwairiyya ta jira aka gama gaisuwa, aka tambayi shanu da iyali, sannan ta fito da takardar da ɗan akwatin tawada.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce labarin yadda aka ceci ransa ne za a buga don likitoci su karanta, ba za a sa sunansa ba, ba za a nuna fuskarsa ba, cinyar kawai. Ta gaya masa maganar direbobi da katin shaida, ta gaya masa labarin mai daddawa.

Labbo ya saurara har ta gama. Sannan ya ce, "Wa zai gani?"

"Likitoci da masu bincike."

"A cikin waya ake gani?"

Ta ce, "A cikin waya ma ana iya gani."

"To duk mai waya ke nan."

Ya janye wandonsa sama ya nuna tabon, dogo, mai kauri, ya lotsa a tsakiya. "Malama, kin san mi wanga abu ya jawo mani? Da na warke na tafi kasuwa, aka tsai da mu a shinge, aka ce kowa ya tuɓe. Suka ga wanga. Suka ce harsashi ne. Na ce ƙaho ne, suka ce kowa haka yake cewa. Ba don wani dillali da ya san ni ya zo wucewa ba, da ban san inda nake yau ba. Tun rannan ban sake taka kwalta ba. Tsohuwa ke zuwa kasuwa, ni ina nan kamar mace mai jego. Shi ya sa muka taso. Yanzu ki ce in dangwala hannu a watsa hoton, a ce makiyayi, a ce 'Yandoto?"

"Rubutun ai cewa ya yi ƙaho ne. Zai wanke ka."

"Masu shinge Turanci suke karantawa? Hoto za su gani."

Ta dubi Sahabi, ya kawar da kai.

Labbo ya sauke wandon. Ya ce, "Ni ma akwai abin da na daɗe ina so, na rasa mai kai ni. Takarda daga asibitinku, da hatimi, wadda ta ce wanga rauni bijimi ne ya yi shi, likita ya gani da idonsa. In ina da ita a aljihu zan iya fita."

Wannan takarda haƙƙinsa ce. Duk wanda ya yi jinya yana iya nemanta, aikin rabin yini ne. Juwairiyya ta san haka sarai. Amma ta tuna kwanakin da suka rage na wata, ta ga fuskar mai daddawa, ta ga ranakun da ta yi tana gyara rubutun nan layi-layi a kan tsohuwar kwamfutar Dakta, wuta na ɗaukewa tana sakewa. Sai ta ji bakinta na cewa:

"Zan kawo maka. Amma ka fara dangwala mini wannan."

Adama da ke bakin bukka ta daina gyaran ƙwarya. Labbo ya dubi Juwairiyya, ba da fushi ba, kamar dai mai sake auna mutumin da ya ɗauka ya sani.

"Sai na sa hannu za a ba ni?"

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta buɗe akwatin tawadar ta tura gabansa.

Ya dangwala babban yatsansa, ya danna a inda ta nuna. Ya goge yatsan a ƙasa. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Suka kamo hanya a mota har suka hango gidajen Gusau. Sannan Sahabi ya ce, idonsa na kan titi, "Ranar da na ɗauke shi ban tambaye shi komai ba, Sista."

Ta ce, "Don ku nake yi."

"Na sani."

Washegari ta ɗauki hoton takardar ta sa a kwamfuta. Shafin mujallar na buɗe, ga wurin da za ta liƙa ta, ga wani ɗan akwati a ƙasa da za ta danna don tabbatar da cewa majinyacin ya amince da son ransa, ba tilas, ba musaya da wani abu. Dakta Tajuddeen ya shigo ya ga dangwalen, fuskarsa ta washe.

"Kin same shi. To me kike jira?"

Ta gaya masa yadda aka yi, ba ta rage komai ba. Ya ja kujera ya zauna. Ta ɗauka zai yi faɗa. Maimakon haka sai ya ce a hankali, "Takardar asibitin ai za mu ba shi ko ta yaya. Ba ƙarya kika yi masa ba."

"Shi bai san haka ba."

"Sista, kwamitin nan in ya tashi bai ga komai ba, sai wata shekarar. Mutum nawa za a kawo mana kafin nan?" Ya nuna ƙofar ɗakin agaji da hannu. "Ni ba zan ce ki danna ba. Sunana na kan rubutun, na san abin da dokar ta ce. Amma ba zan iya ce miki kada ki danna ba."

Ya fita ya bar ta. Ta ɗora yatsa a kan madannin. Ta zauna haka har fankar ɗakin ta tsaya, wuta ta ɗauke, kwamfutar ta koma kan batir. Abin da ya hana ta ba dokar mujalla ba ce. Tunanin wani yaro ne a bakin shinge, da waya a hannu, yana duban hoto yana duban cinyar Labbo. In hakan ta faru ba edita ne zai je karɓo shi ba, kuma ita ce ta tura masa tawada.

Ta rufe kwamfutar. Ta je ofishin ajiyar fayil ta tsaya a kansu har aka buga takardar Labbo, Dakta ya sa hannu, aka buga hatimi. Ta sa aka rubuta ta da Turanci da Hausa, aka lulluɓe ta da leda don kada ruwa ya ɓata ta.

Sahabi ya sake kai ta Kwatarkwashi. Wannan karon ba ta zauna ba. Ta miƙa wa Labbo takardar asibitin, sannan ta miƙa masa ɗayar mai dangwalensa.

"Ta asibitin nan taka ce tun asali, ko ka sa mini hannu ko ba ka sa ba. Ban gaya maka haka ba rannan, na yi maka ba daidai ba. Wannan kuma ga ta, ban tura ba. In ka ga dama ka ƙona ta."

Ya juya takardun biyu a hannunsa. "In ban ba ki ba, aikinki ya lalace?"

"Ya lalace."

"Direbobin fa?"

"Su ma."

Ta tsaya tana jira, tana fatan ya miƙo mata. Ya ninke su duka ya sa a aljihu.

"Bari in yi shawara," in ji shi.

Ta bar masa lambar wayarta a wurin Inna Adama. Kwanakin da suka rage ta yi su da waya a hannu, ko alwala za ta yi sai ta ajiye ta inda za ta ji. Duk baƙuwar lamba ta ɗauka da sauri, sai ta ji mai neman wani ne daban. A ranar ƙarshe ta sake rubuta wa editan, ta faɗi gaskiyar abin da ya faru. Wata ya mutu. Saƙo ya zo cewa an rufe fayil ɗin, amma tana iya sake turowa a matsayin sabon rubutu duk lokacin da takardunta suka cika, zai bi layi daga farko.

Kwamitin ya zauna. Dakta Tajuddeen ya je da saƙon farko na editan, wanda ya ce an karɓa da sharaɗi. Suka ce sharaɗi ba bugawa ba ne. Aka ɗage maganar.

Juwairiyya ta koma aiki. A cikin makonnin nan an kawo wani ɗan acaba da gilashi ya yanke wa hannu, ya rayu da ƙyar bayan an ƙara masa jini. An kawo wani manomi daga wajen Tsafe, shi bai rayu ba. Ita ta rufe masa ido, ta fita bayan ɗaki ta tsaya tana kallon bango. Ba ta san ko da ta danna akwatin nan da ya rayu ba. Ta san dai tambayar ba za ta bar ta ba. Dakta bai taɓa tayar mata da maganar ba, kuma shirun nasa ya fi mata nauyi.

Ana cikin sanyi, wata ranar Talata da hantsi, mai gadi ya leƙo ya ce wani Bafulatani na sallama da ita. Ta fito ta ga Labbo a tsaye da sandarsa, cikin riga mai tsabta, shi kaɗai.

"Kai da wa ka zo?"

"Ni ɗaya. An tsai da mu a hanya, na nuna takarda, suka karanta ta Hausar suka ce in wuce." Ya faɗi haka yana ɗan murmushi, kamar har yanzu bai gama yarda ba. "Na kai shanu kara makon jiya."

Ta kai shi benci a inuwar baranda. Ya ce abin da ya kawo shi, yana so ta karanta masa rubutun gaba ɗaya, ta juya masa da Hausa, kada ta tsallake komai. Ta ɗauko kwamfutar ta zauna gefensa. Ta karanta, yana tsayar da ita. Inda aka ce makiyayi ya ce a cire, a ce mutum. Inda aka ce kusa da 'Yandoto ya ce a ce a bakin wata hanya. Hoton kuwa ya daɗe yana kallonsa, bai taɓa ganin raunin a buɗe haka ba.

"Wanga ba za a sa ba," ya ce. "In dole sai an nuna, a zana da hannu."

"Za a iya zanawa."

Da ta zo inda aka bayyana yadda direba ya murɗa sandar, ya ce, "Nan ba ki faɗi cewa ya cire hularsa ya sa mani a baki in ciza ba. A sa wannan."

Ta sa. Ta buga sabuwar takardar amincewa da ta ambaci duk abin da ya ce a cire, ta karanta masa, ta kira wata nas ta zama shaida. Ya dangwala.

"Yanzu sai su ba direbobi katin?"

"A'a. Lokacin ya wuce. Sai na sake turawa daga farko, su sake ba masu dubawa, wataƙila su ce a gyara, wataƙila ma su ƙi. Zai iya kai wata shida, ko fiye."

Murmushin ya bar fuskarsa. "Da na ba ki rannan fa?"

"Da yanzu an buga."

Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsansa mai tawada. Ta ga yana neman abin da zai ce, sai ta riga shi. "Ba laifinka ba ne, Malam Labbo. Tashi kada ka rasa mota, rana na yi."

Ta raka shi har bakin ƙofar asibiti, ta tsaya har ya hau acaba. Sannan ta dawo baranda ta buɗe shafin mujallar, ta danna wurin sabon rubutu. Shafin ya nemi sunanta, da sunan asibiti, da taken rubutun, kamar bai taɓa saninta ba. Intanet ɗin na jan ƙafa, ta cike layin farko ya goge, ta sake cikewa. Tana kan na uku wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce ana nemanta a ciki, an kawo yaro da ƙuna. Ta ce tana zuwa, ta adana abin da ta rubuta, ta miƙe.